Jarkar Gidan Kafinta

Tun ranar da aka ɗaura wa jarkar gidan Kafinta wata 'yar na'ura a wuya, ƙafar Goggo ba ta sake sanin hutu ba.

Goggo yayar Kafinta ce, ciki ɗaya. Mijinta ya rasu, 'ya'ya ba su tsaya mata ba, duk abin da ya rage mata a duniya shi ne ɗakin bakin ƙofa na gidan ƙanin nata, da katifar da ta lotsa a tsakiya, da akwatin ƙarfe. Ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce mata ɗibar ruwa ce ladan zamanta a ɗakin nan. Ba sai an faɗa ba. Duk ranar da ta makara, a fuskar matar Kafinta take karanta shi, matar kuwa ba ta iya rubutu da ƙananan baƙaƙe ba.

Ruwa biyu ne a unguwar. Akwai rijiyar bayan layi, wadda kwatar gidaje ke tsiyaya cikinta, ruwanta in ya kwana a bokiti sai ya tashi da yana a sama da warin jiƙaƙƙen tsumma. Akwai kuma burtsatsen da wata ƙungiya ta haƙa can ƙetaren babban titi, bayan an haye tudun da motoci ke juye ɓaraguzan gini. Ruwansa garau yake, amma nisansa sai wanda ya je ya dawo da jarka a ka zai ba da labari. A da, zuwa ɗaya Goggo ke yi da sassafe ta kawo na sha. Wanki da wanka da wanke-wanke, rijiya ta isar.

Sai masu bincike suka shigo layin, gida gida. Wadda ta faɗo gidan Kafinta yarinya ce mai tabarau da sanyin murya, ta gaida kowa har da Goggo da ke tsugune tana kankare tukunya. Ta ce ƙungiyar na son ta ja famfo zuwa wasu layukan, amma ba ta da ƙarfin ja wa kowa, don haka ake so a gane inda aka fi sanin darajar ruwa mai tsabta. Ta ce sun daina tambayar mutane da baki, domin in ka tambayi talaka abin da zai iya bayarwa, mai tsoron a ɗora masa biya sai ya rage, mai son a yaba masa sai ya ƙara. Yanzu tafiya suke aunawa. Na'urar, wadda ba ta fi akwatin ashana ba, za ta riƙe duk nisan da jarka ta yi tsakanin gida da burtsatse. Gidan da ya bar rijiya a bayan ɗakinsa ya tafi can ƙetare, ya nuna da ƙafarsa abin da ruwan ya kai a wurinsa.

Kafinta ya yi ta gyaɗa kai, ya ce lallai ilimi daɗi ne da shi. Dabarar kam ta yi kyau, sai dai duk wanda ya ƙirƙiro ta bai taɓa zaman alfarma a gidan wani ba. Na'ura ta san jarka ta tafi, ta san ta dawo. Kan da ke ƙarƙashin jarkar ne ba a koya mata tambaya ba.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Amma shugaban layi, wanda magana ba ta kwana a cikinsa, ya zo shagon Kafinta gyaran ƙafar kujera, ya tsegunta masa cewa a ƙofar gidan da ya fi kowa tafiya za a kafa famfon, kuma mai gidan ne zai riƙe makulli. Kafinta ya ajiye zarto. Kasuwar kujeru ta daɗe da yi masa sanyi, ga ciniki ya zo yana neman ƙofar da zai tsaya.

Da yammar ranar ya leƙa ɗakin Goggo, abin da ya manta rabon da ya yi. Ya gaishe ta, ya tambayi bayanta, har ya duba ƙofar ɗakin ya ce za a canja mata sakata. Tun nan gabanta ya faɗi, don ta san ƙaninta ba ya gaisuwa a banza. Ya ce daga gobe ruwan rijiya ya haramta a gidansa, ko na wanke ƙafa ne.

“Lafiyar yara ce, Yaya. Ke ma ai 'ya'yanki ne.”

Ta ce to ga babur ɗinsa nan yana kwana a tsakar gida, jarka biyu zai ɗauka a tafiya ɗaya. Ya ce na'urar ta san gudun babur, an ce sai tafiyar ƙafa ake ƙirgawa. Goggo tana wurin lokacin da yarinyar ke bayani, ba ta ji an faɗi haka ba, amma ta bar shi. Ta kawo zancen 'yan matansa biyu, waɗanda kowaccensu ta fi ta tsayi. Ya ce karatu, ya ce titin nan ba na 'ya mace ba ne, kamar ita Goggo namiji ce. Matarsa kuwa likita ya hana ta ɗaukar nauyi tun haihuwar autarta, wadda yanzu take ɗaura ɗankwali a gaban madubi. Ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya ce Allah ya ba da lada. Sakatar ba a canja ba.

Haka aka fara. Kafin gari ya waye sosai ta naɗe gammo, ta ɗauki jarka. Ta ratsa layi, ta tsaya bakin titi tana jiran manyan motoci su yi mata rangwame, ta haye tudun ɓaraguzai inda ƙarafa da fasassun kwalabe ke leƙe daga ƙasa, ta bi layi a burtsatse, ta roƙi wani ya aza mata, ta juyo. Tana juyewa a ganga, tun ba ta sauke numfashi ba, matar Kafinta za ta ce, ba tare da ta dube ta ba, ai wankin yara na nan jiƙe. Sai ta koma. Ta dawo a ce mai gida zai wanke babur. Ta dawo a ce tsakar gida ta yi ƙura, a yayyafa. Gidan da a da ake wanka da rabin bokiti, yanzu kowa ya zama agwagwa.

Wasu gidajen ma sun ji tsegumin shugaban layi, sun taɓa. Amma su karɓa-karɓa suke yi, yau wannan gobe wancan, kuma da kowa ya ɗanɗana tudun nan da ƙafarsa sai aka yi ta zamewa. Gidan Kafinta ne kaɗai bai zame ba, don masu son famfon daban, mai hawan tudun daban.

Gwiwar dama ce ta fara ƙara. Daga nan ƙafafun suka kumbura suka yi suntum, takalmi ya daina shiga, sai ta yanke masa maɗauri da reza. Diddigenta ya tsattsage, in ta taka tsakuwa har cikin kanta take ji. Wuyanta ya sage, in za ta waiwaya sai ta juya da jikinta duka, abin da ya sa tsallaka titi ya koma sai addu'a. In ta kwanta, katifa ba ta karɓar ta. Ta yi magana sau ɗaya, matar Kafinta ta aiko mata da ragowar man zafi a murfin kwalba, ta ce ciwon tsufa ne, zama ma ƙara shi yake yi, likitoci cewa suke a riƙa motsa jiki.

Duk wannan Goggo ta haɗiye, tana gaya wa kanta ko ba komai ruwan ciki yake shiga, yara sun daina ciwon ciki. Ranar da ta kasa haɗiyewa wata rana ce da ta iske burtsatse ba layi, ta dawo da wuri. Tana shigowa ta ji ƙarar ruwa a kwata. Matar Kafinta ce ta karkata ganga da hannu biyu, wadda likita ya hana ɗaukar nauyi, ruwa fari tas yana kwarara ta rariya zuwa waje. Goggo ta tsaya da jarka a ka, ta kasa saukewa. Matar ko kunya ba ta ji ba. Ta miƙar da gangar, ta goge hannu a zane.

“Ganga ta cika, Goggo. In ba a rage ba, a ina za ki juye na gaba?”

Goggo ta dire jarkar, ta dafa bango har ta isa shago. Ta iske ƙaninta yana goge katako. A gaban mai jiran aiki ta gaya masa abin da ta gani. Ya ja ta gefe, ya ɗaure fuska, ya ce ba ya son tonon silili a wurin sana'arsa. Ya ce ya san da zubarwar, shi ya ce a yi.

“Ke har yanzu ba ki gane ba. Ba ruwan ake so ba, tafiyar ake so.”

Ta ce tafiyar da ƙafar wa. Ya ce shi bai taɓa yi mata gori ba, kuma ba yau zai fara ba, duk da ba a jima ba wani mai aski ya zo yana neman ɗakin bakin ƙofa haya, ya hana shi saboda zumunci. Ya ce in ta gaji ba dole, ta faɗa kawai ya san yadda zai yi. Daga nan ya koma kan katakonsa. Goggo ta fahimci karatun sarai. Ta koma gida, ta ɗauki jarka.

Ana cikin haka 'yar binciken ta dawo duba na'urori. Ta jona ta gidan Kafinta da wayarta, ta zaro ido, ta ce ba ta ga irin wannan ba a duk unguwar. Kafinta ya wangale baki, ya ce su a gidan nan ba sa wasa da tsabta, gado ne. Ta tambaya, kamar dai don cika hira, wa ke zuwa ɗibar. Ya ce dukansu, kowa da ranarsa. Matarsa ta ƙara da cewa har rige-rige yara ke yi.

Goggo tana zaune a dokin ƙofar ɗakinta, ƙafafu a miƙe. Ta san abin da magana za ta jawo mata, amma ƙaryar ta yi mata girma a maƙogwaro. Ta ja zanenta sama zuwa gwiwa.

“'Yata, zo ki duba. Ga duk mutanen gidan nan da ke zuwa ɗibar ruwa. Su biyu ne, dama da hagu.”

Yarinyar ta matso, ta ga kumburin, ta ga tsagar diddigen da ƙura ta cike, fuskarta ta canja. Tausayi kam ta ji, ba a raba ta da wannan. Ta ce sannu Mama, ta ce ya kamata a kai ta asibiti, ta ce ya kamata a riƙa taimaka mata. Goggo ta ce ba sannu take nema ba, a rubuta cewa ita kaɗai ce, a rubuta cewa rabin ruwan a kwata yake ƙarewa. Yarinyar ta gyara tabarau. Ta ce aikinsu gida yake aunawa, ba mutum ɗaya ba, yadda gida ya raba aiki a tsakaninsa kuwa an hana su sa baki. Ta ce in ta taɓa sakamakon wani gida saboda abin da aka gaya mata da baki, to an koma gidan jiya, binciken ya lalace. Ta ce za ta faɗa wa na gaba da ita. Ta ɗaure na'urar a wuyan jarka kamar yadda ta same ta, ta yi sallama.

Ƙafarta na fita, matar Kafinta ta ɗora. Ta ce yau ta ga butulci da idonta, mutum ya ci naka, ya kwana a ɗakinka, ya tashi ya kunyata ka a gaban baƙi. 'Yan matan suka daina gaishe ta. Abincinta ya koma zuwa a makare, a sanyaye, a ajiye a ƙofa ba sallama. Kafinta kuwa ya sa an kawo ganga ta biyu.

A gangaren tudun ɓaraguzai ta faɗi, da tsakar rana, jarka cike. Gwiwar ce ta ƙi karɓar ta, ta tafi gaba ɗaya, ƙafar ta maƙale tsakanin bulo biyu, jikin ya wuce. Ta ji ƙarar ƙashin kafin ta ji zafinsa. Wata mai sayar da ganye a bakin titi ce ta bar kayanta, ta roƙi wani mai baro suka kwaso ta. Da suka iso, Kafinta ya fito da sauri, ya dubi yayarsa a cikin baro, ya dubi bayan mai baron, ya tambaya ina jarkar. Mai ganyen ta dube shi sama da ƙasa, ta yi tsaki, ta ce tana can inda ta faɗi, ya je ya gaishe ta. Ya kuwa hau babur ya je ya ɗauko ta, sannan aka nemo mai ɗori.

Ya yi sa'a irin ta marasa kirki, don a makon aka zo aka kwashe na'urori, lokacin awo ya cika. Washegarin kwashewar, Goggo tana kwance da ƙafa a ɗaure ta ji ƙarar guga a bayan layi, ta ji muryar babbar 'yar Kafinta tana mita. Ruwan rijiya ya dawo gidan, har na sha. Matar ta ce in an tace da ƙyalle ba abin da yake yi, ai da shi aka girma. Babur na tsakar gida, ƙafafu lafiyayyu takwas na yawo a cikin gidan, ba wadda ta nufi ƙetaren titi. Wannan shi ne ainihin abin da ruwa mai tsabta ya kai a wurinsu, amma a lokacin babu sauran na'urar da za ta gani.

Ƙashin ya ɗoru a karkace. Goggo ta koma jan jiki, daga katifa zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa banɗaki. Duk da haka, da ta ji an fara haƙa ramin bututu a layin, sai ta ji wani sanyi a ranta. Ta ce wa kanta ko banza wahala ta ƙare. Gidan Kafinta ne ya fi kowa tafiya, famfo zai zo ƙofar gida, ba mai sake aikenta, za ta zauna a ɗakinta ta ƙarasa kwanakinta. Ba ta yi tunanin cewa gidan da ruwa ya zo ƙofarsa ba ya buƙatar mai ɗibar ruwa ba.

Masu aikin famfo suka ce injin tura ruwa da tanki suna son ɗaki mai makulli, kusa da titi. Kafinta bai ko yi dogon nazari ba. Ya shigo da safe, ya tsaya daga ƙofa don ɗakin na warin magani, ya ce ya yi shawara. Hayaniyar masu ɗibar ruwa ba za ta bar ta ta yi barci ba, mara lafiya kuwa sai da natsuwa. Akwai 'yar ƙanwar mahaifiyarsu can nesa, ta je ta ɗan huta a wurinta. Goggo ta tambaya ko an gaya wa matar tana zuwa. Ya ce ai ɗan uwa ba ya buƙatar sanarwa. Ta tambaya yaushe za ta dawo. Ya ce sai yadda hali ya yi, yana faɗa yana auna faɗin ɗakin da ido.

Kowa a cikinsu yana da hujjarsa, kuma kowa ya kwana da ita lafiya. Ƙani ya ce don iyali ya yi, matarsa ta ce ita umarni ta bi, masu bincike suka ce sun auna abin da suka zo aunawa, kuma ba su yi kuskure ko na taku ɗaya ba. Aka bayyana cewa talakawan layin nan sun san darajar ruwa mai tsabta fiye da yadda ake zato, aka kafa hujja da gidan Kafinta. Mutum ya fi kowa son abu in da jikin wani zai biya, kuma a gidaje da yawa akwai wannan wanin, a ɗakin da ba nasa ba, wanda bakinsa ke ɗaure da wurin kwanansa.

Ranar da aka buɗe famfon aka fitar da ita. Ba da gangan ba, motar hayar ce ta zo a ranar. Bokitai sun yi layi daga ƙofar gida har kwana, mata na ta sa wa Kafinta albarka, wai shi ya kawo wa layi ruwa. Shi da direba suka cicciɓo Goggo suka tura ta kujerar baya, aka cusa akwatinta a gefe, aka naɗe katifar aka ɗaure a sama. 'Yan matan suna wajen famfo, matar tana riƙe da makulli, ba wadda ta zo bakin mota.

Kafinta ya sunkuyo zai rufe ƙofa, Goggo ta riƙe hannun rigarsa. Ba ta yi kuka ba, kukan ya riga ya ƙare. Ta ce masa tun yana tsumma ita ta goye shi, da ƙafafun nan ta yi ta jijjiga shi har ya yi barci.

“Ban ce ka biya ni ba. Ɗakin kawai na roƙa.”

Ya zare hannunta a hankali, yana murmushi saboda idon mutane. Ya ce, “Don lafiyarki ne, Yaya.” Ya rufe ƙofar, ya zagaya wajen direba, ya ce masa ya ja da baya ya fita ta ɗaya bakin layin, kada ya raba wa masu ɗibar ruwa layi.